Karatun Fim a Ajin Hausa: Hujja Daga Dutsin-Ma da Kurfi

A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Aka kwashe makonni masu yawa ba kira, ba saƙo, ba intanet. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya nufi inda sabis yake. Kallon fim kuwa bai yanke ba, domin a wannan yanki fim bai taɓa dogara da intanet kaɗai ba. Akwai masu tura fina-finai a bakin tasha da cikin kasuwa, kowa da teburinsa da kwamfutarsa. Mutum ɗaya ya ɗauko sabon kaya daga Katsina, ya wadatar da gari. Yaro zai miƙa memori da 'yan canjinsa, a zuba masa sabon kashi na fim mai dogon zango, a haɗa masa da Indiya-Hausa da waƙoƙi. Kafin la'asar abin ya ratsa wayoyin unguwa ta Xender, daga ta yaya zuwa ta ƙane, daga ta ƙane zuwa ta matar gida da ko zaure ba ta leƙa ba.

Duk malamin Hausa da ya taɓa tambayar ajinsa labarin wani littafin da aka wajabta, ya sha shiru, sannan ya ambaci Labarina ko Izzar So ya ga hannuwa a sama, ya san inda adabin ɗalibansa yake zaune. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne nazarin fim ya cancanci gurbi a babbar sakandare, gurbin nan kuma cikin darasin Hausa yake, ɓangaren adabi, haɗe da ɗan ƙaramin aikin shirya fim da ɗalibi zai yi da hannunsa. Samar wa Kannywood sababbin jarumai ba ya cikin manufar. Abin nema shi ne yaro ya iya tuhumar hoto: wa ya ɗauke shi, daga ina ya tsaya, me ya bari a waje, me yake so mai kallo ya ji a ransa.

Gurbin da manhaja ta bari

Darasin Hausa na WAEC da NECO a kan ginshiƙai uku yake: harshe, adabi da al'ada. A adabi akwai na baka da rubutacce, a rubutaccen kuma akwai zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Ɗalibai sun daɗe suna nazarin wasanni irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu da Wasan Marafa, suna fitar da jigo da zubi da tsari da salo da taurari. Wato kayan aikin nazari suna nan a hannun malami da ɗalibi. Abin da babu shi ne wasan kwaikwayon da mutane ke kallo a yau. Wasan da aka rubuta don a gani, muna koyar da shi a matsayin baƙi a kan takarda. Wanda ake gani ɗin kuma mun bar shi a bakin ƙofar makaranta.

Ba wai hukumomin ilimi ba su taɓa kusantar kyamara ba. Manhajar babbar sakandare da hukumar NERDC ta fito da ita a 2011 ta zo da darussan sana'a 34, cikinsu har da ɗaukar hoto. Sai dai an kalli abin ta fuskar neman abinci kawai, kuma makarantar da ba ta da kyamara ko malamin fannin ba ta da dalilin zaɓarsa. Da aka sake fasalin manhajar a 2025 aka rage sana'o'in zuwa shida, ɗaukar hoto bai tsallake ba. Wannan ma darasi ne. Duk abin da aka rataya shi a matsayin sabon fanni mai buƙatar kaya da ɗaki da sabon malami, shi ake fara jefarwa idan kaya ya yi nauyi. Wanda ya shiga cikin darasin da ke da malamai da lokaci a jadawali da jarrabawa, shi ke daɗewa.

Akwai kuma dalili na tarihi da ya sa Hausa ce uwar ɗakin wannan fanni. Fim ɗin Hausa daga adabin Hausa ya tsiro. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara a matsayin littafi, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandali, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. An gyara tsohon kwafinsa an nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Kulɓa Na Ɓarna, wasan da Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda jama'a suka fi sani da Kasagi, ya rubuta, Hukumar Fina-finai ta Ƙasa ta mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa duk daga kantin littattafai suka shiga kaset. Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta yi shi, Tumbin Giwa. Malamin da ya ajiye littafin Shaihu Umar a hannun dama, fim ɗinsa a hannun hagu, ya tambayi aji yadda kowanne ya nuna uwar da ke bin sawun ɗanta da aka sace, bai fita daga darasin adabi ba ko da taku ɗaya. Kuma a yankin da satar mutane ta zama labarin gida, ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ɗalibai su gane abin da ke gabansu. Sai dai ma ya yi taka-tsantsan, domin a ajin akwai mai ciwon da bai warke ba.

Tsohon zato game da idonmu

Kakannin waɗannan ɗalibai a filin majigi suka fara ganin hoto mai motsi. Mota ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle bayan magariba, a nuna labarin tsabta ko noma ko rangadin manya, wani yana tsaye da lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950 daga wannan gida ya fito. William Sellers, jami'in lafiya a Legas wanda ya jagoranci sashen fina-finan mulkin mallaka da aka kafa a 1939, ya tsara ƙa'idojin yin fim ga 'yan Afirka a bisa zaton cewa idonsu bai iya bin dabarun kyamara: a tafi a hankali, kada a yawaita yanka, kada a bar komai ga fahimtar mai kallo. Brian Larkin ya bi diddigin wannan tarihi a Arewacin Nijeriya a littafinsa na 2008.

Zaton Sellers ƙarya ne, kuma 'yan kallon silima na Kano da Zariya da Katsina da suka haddace fina-finan Indiya ba tare da jin yaren ba sun ƙaryata shi tun tuni. Amma wani abu daga cikinsa ya saura a tunaninmu. Har yau mafi yawan muhawararmu kan fim tana ɗaukar mai kallo tamkar randa ce da ake zuba wa ruwa, mai kyau ko gurɓatacce, ba ta da ta cewa. Wanda ke yabon fim cewa yake yana faɗakarwa, wanda ke suka cewa yake yana ɓata tarbiyya. Dukansu a kan mai zubawa suke magana. Ko a manyan makarantu, inda nazarin fim ɗin Hausa ya samu gindin zama tun bayan taron da aka yi a Kano a 2003 da rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa, kundayen ɗalibai da yawa a jigo suke tsayawa: jigon soyayya, jigon kishi, tasirin kaza a kan tarbiyyar matasa. Sai ka karanta kundi daga bango zuwa bango ba ka ga inda aka ambaci wurin da kyamara ta tsaya ba. In da rediyo aka saurari fim ɗin, da sakamakon binciken bai canja ba.

Yadda darasin zai kasance

Mu ɗauki aji biyar, minti arba'in, waya ɗaya da ƙaramar lasifika, ko talabijin ɗin ofishin shugaban makaranta idan an samu wuta. Ba fim sukutum za a kalla ba. Fitowa ɗaya ta minti biyu ta isa, misali inda yarinya ta shigo falo ta durƙusa gaban mahaifinta ana maganar aurenta. A kalla sau uku. Na farko yadda yake. Na biyu a kashe sauti, kowane ɗalibi ya ja layi a littafinsa duk lokacin da hoto ya yanke ya koma wani. Nan take gardama za ta tashi, wani ya ce yanka tara ne, wani ya ce sha huɗu, a sake kallo a tantance. Wannan gardama ita ce mabuɗin darasin, domin a lokacin ne yaro zai fara ganin cewa abin da ya ɗauka zama ɗaya ne guntu-guntu aka ɗauke shi, wani ya zauna ya jera. Sai malami ya tambaya: da uban ke magana, fuskar wa aka nuna? Kyamarar daga ƙasa take kallonsa ko daga sama? Yarinyar fa? Me ya sa aka matso kusa da yatsunta tana murza bakin mayafi a daidai lokacin da aka ambaci sunan mijin? A karo na uku a juya wayar, a saurari sauti kawai. Ina kiɗan ya shigo? Da babu shi, za ka ji tausayin?

A wannan gwaji na uku ɗalibai za su gano wani rauni da ya zama ruwan dare a fina-finanmu ba tare da malami ya faɗa musu ba: sau da yawa ko ido a rufe ba abin da ya wuce ka, saboda baki ya faɗi komai. Jarumi zai shigo da gudu yana haki, sannan ya buɗe baki ya sanar cewa da gudu ya zo. Wannan gado ne daga wasan rediyo da na dandali, da kuma gaggawar lokeshin inda kuɗin kwana ke cin furodusa. Abin takaicin shi ne al'adar Bahaushe cike take da abubuwan da ido kaɗai ke karantawa. Kunya ba a furta ta. Uwar da ke kau da kai daga ɗan farinta alhali shi ne a ranta, surukin da ya cire takalmi tun daga nesa, amaryar da ta ƙi ɗaga ido, duk kyauta ce ga mai kyamara. Ɗalibin da ya koyi neman waɗannan a fim ya koyi al'ada ta hanyar da haddace jerin al'adun aure daga allo ba zai ba shi ba, kuma zai iya bambanta daraktan da ya san aikinsa da wanda ya dasa kyamara ya bar baki yana aiki.

Akwai tambayar da ta fi shafar ɗan Kurfi da ɗan ƙauyukan Dutsin-Ma fiye da ɗan birnin Kano: yaya ake nuna irinsa? A fina-finai da dama ƙauye wurin dariya ne, ko wurin da ake baro wahala a tafi birni a shiga gidan bene. Baƙauye shi ne mai shirme, karin harshen da ba na Kano ba kuma abin barkwanci. Ba laifi a yi dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya sa Arewa dariya shekaru masu yawa, da basira ta gaske. Amma yaron da bai taɓa ganin manomi a fim a matsayin mai hankali da mutunci ba yana koyon wani abu game da mahaifinsa ba tare da ya sani ba. Aji ne wurin da za a fito da wannan fili a tattauna.

Sai batun da ya wuce adabi. A yankin da ke fama da hare-hare, bidiyo na iya tayar da gari. Ana turo hoton gawarwaki ko na gari yana ci da wuta a ce yanzu-yanzu ne a wuri kaza, alhali tsoho ne ko daga wata ƙasa. 'Yan bindiga da kansu suna ɗaukar bidiyo suna baje makamai da kuɗi, da niyyar tsoratarwa da jan hankalin samari. Ga kuma fasahar da ke ɗora wa mutum muryar da ba tasa ba. Yaron da ya saba tambayar inda aka yanke, da sautin da aka ɗora, da irin bishiyoyi da tufafin da ke bayan hoto, ya fi wanda bai saba ba damar dakatawa kafin ya tura wa wasu. Ba na cewa darasin fim maganin tsaro ne. Iyakar abin da nake cewa shi ne hankalin da ke warware fitowar Kwana Casa'in shi ne dai ke warware bidiyon WhatsApp.

Hannu ya taɓa

Nazari kaɗai ba ya zama a kai sai hannu ya gwada. A Ingila, a jarrabawar nazarin fim ta matakin GCSE da hukumar Eduqas ke shiryawa, kashi 70 cikin ɗari na maki na rubutacciyar jarrabawa ne, kashi 30 na aikin da ɗalibi ya yi: ko dai guntun fim na kamar minti biyu, ko rubutaccen labarin fim da tsarin ɗaukarsa, sannan ya rubuta sharhi yana auna aikinsa da na ƙwararru. Abu biyu ne abin lura a nan. Aikin gajere ne ƙwarai. Kuma an bar ƙofa ga wanda ba shi da kyamara ya yi nasa a takarda. Faransa ta bi wata hanyar: tun 1989 take da shirin kai 'yan ƙaramar sakandare gidan silima su kalli zaɓaɓɓun fina-finai, malamai su ɗora darasi a kai. Wannan ba zai yiwu a Kurfi ba don ba gidan silimar. Tsarin Ingila kuwa, in aka rage masa tsawo, zai shiga.

Masu cewa ba kayan aiki ya kamata su ji labarin Lev Kuleshov. A Mosko, bayan juyin juya halin 1917, fim ɗin ɗaukar hoto ya yi ƙaranci ƙwarai, har shi da ɗalibansa suka riƙa shirya fim ba fim: su tsara fitowa a dandali, suna buɗe labule suna rufewa a madadin yanka. Daga wannan aji na talauci manyan daraktoci irin su Pudovkin suka fito. Gwajin da ya yi suna da shi kuma kowane aji zai iya maimaita shi da waya ɗaya. A ɗauki fuskar ɗalibi guda, ba fara'a ba ɗaure fuska. A jera ta da hoton ƙwaryar fura, a nuna wa rukuni na farko. Za su ce yunwa yake ji. A jera wannan fuskar dai da takardar sakamakon jarrabawa. Rukuni na biyu za su ce fargaba ce. A jera ta da ayarin babura a kan hanyar daji, a nuna wa na uku. A Kurfi ba sai an gaya maka abin da za su karanta a fuskar ba. Sannan a tara su a nuna musu cewa fuska ɗaya ce. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya fahimci aikin edita fiye da wanda ya kwafi shafi biyar na bayani.

Aikin zangon karatu zai iya zama haka: rukunin ɗalibai biyar ko shida, fim na minti biyu zuwa uku, hoto bai wuce goma sha biyu ba, kuma a zana kowanne a takarda kafin a taɓa waya. Ni da za a bi shawarata, da labarin gaskiya za a fara kafin ƙagagge. Masunci a madatsar ruwa ta Zoɓe yana gyaran koma, mai noman rani yana jan ruwa zuwa fangalin tumatir, maƙeri, maginar tukwane, tsohuwa mai tatsuniya, yara masu tashe a watan azumi. Wannan ya kauce wa rigimar rawa da waƙa, ya sa yaro ya je ya durƙusa gaban dattijo ya nemi izini ya yi tambaya, kuma a 'yan shekaru makaranta za ta tara taskar sana'o'i da karin harshen yankinta da ba kowa ke adana su ba. Sharaɗi ne a nemi yardar duk wanda za a ɗauka, kada a ɗora komai a intanet ba da sanin makaranta da iyaye ba, kada kuma a tura yara bayan gari. A yanayin da ake ciki, har abin da ya fito a bayan hoto, gidan wa ne, garken wa ne, sai malami ya duba.

Matsalar da na fi jin tsoro ba ta kaya ba ce, ta amana ce. Mun san yadda aikin gida da makin gwaji ke tafiya a makarantu da yawa: wani ya yi wa wani, wani ya saya. In aka ce a kawo fim, ɗan mai hali zai kai wa mai shagon bidiyon biki ya haɗa masa, ya ci maki, ɗan talaka ya tashi a tutar babu. Maganin wannan shi ne kada a ba kyan hoto maki mai yawa. Makin ya tafi ga zanen takarda da aka yi a aji gaban malami, da kuma tsayuwar ɗalibi gaban 'yan'uwansa yana amsa dalilin da ya sa ya ajiye kyamara nan bai ajiye ta can ba. Wanda aka yi wa aiki, tambaya biyu ta isa ta tona shi.

Ƙorafin iyaye da malamai

Ba a yi adalci ba in aka ɗauki masu adawa da wannan shawara a matsayin marasa wayewa. Tarihin dangantakar fim da al'ummar Arewa cike yake da tsama. Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000, ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Wani rikici da ya taso a harkar a 2007 ya kai ga tsauraran dokoki da ɗaure wasu 'yan fim. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai da jama'a sun yi ca. Uban da ya ji an ce za a koya wa 'yarsa fim a makaranta, abin da zai fara zuwa ransa shi ne rawa da waƙa da cuɗanya. Yana da hujjar tambaya, musamman a inda da ƙyar aka shawo kansa ya bar ta ta wuce aji uku.

Amsar da za a ba shi ita ce makaranta ba ita za ta kai wa 'yarsa fim ba. Fim ya riga ya shiga ɗakinta, a wayar uwarta ko ta yayanta, ba malami ba mai tsawatarwa. Hukumar tacewa tana iya hana fim fita a Kano, ba ta da iko da abin da ke YouTube da TikTok, balle wanda aka fassara daga Indiya ko Turkiyya. Tacewar da ta rage ita ce wadda ke cikin kan mai kallo, ita kuwa koyar da ita ake yi. Kyamara kuma ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce: tafsirin azumi ma da ita ake yaɗa shi kai tsaye a Facebook. Duk da haka magana ba ta isa ba, sai an nuna a aikace. Jerin fitowar da za a nazarta ya bi ta hannun kwamitin iyaye da malamai da malaman addini na makarantar, 'yan mata su yi aikinsu a rukuninsu, kuma kada a tilasta wa kowa fitowa gaban kyamara. Mai rubuta labari da mai zane da mai riƙe waya duk aiki suke.

Ƙorafin cunkoson jadawali ya fi sauƙin amsawa. Mako uku a zango, a aji huɗu da aji biyar, cikin lokacin da aka riga aka ware wa wasan kwaikwayo. Aji shida a bar su da shirin jarrabawa.

Wa zai koyar?

Nan ne Dutsin-Ma ta fi garuruwa da yawa dacewa da gwajin. Garin na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, inda ake yaye malamai masu NCE, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Kurfi kuma tana kan hanyar da ta haɗa Dutsin-Ma da Katsina, tafiyar ɗan lokaci. Ɗalibai masu koyon aikin malanta daga nan ake rarraba su makarantun yankin kowace shekara. Shi kansa Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda kwalejin ke ɗauke da sunansa, ya yi aikin watsa labarai a gidan rediyo a Ankara ta Gana lokacin yaƙin duniya na biyu kafin ya zama ministan ilimi na Jihar Arewa. Bai ga rediyo da aji a matsayin abokan gaba ba.

Malamin Hausa ba ya buƙatar zuwa Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos kafin ya koyar da abin da aka zayyana a sama. Yana buƙatar kwas ɗaya na zango guda, da ɗan littafin jagora da Hausa, da memori mai ɗauke da zaɓaɓɓun fitowa ashirin ko talatin da aka nemi izinin masu su. A ciki a sa tsoho da sabo: Shaihu Umar, Ƙasarmu Ce na Saddiq Ɓalewa, Sangaya na 1999 wanda ya buɗe babin rawa da waƙa gadan-gadan, wani abu daga Daɗin Kowa, da ɗaya daga maƙwabta, kamar aikin Umaru Ganda na Nijar wanda ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a 1972. Littafin jagorar shi ne aiki mafi wuya, domin sai an zauna an daidaita kalmomin fannin, a ɗauki waɗanda 'yan lokeshin ke amfani da su a inda suka wadatar, a ƙirƙiro a inda babu. Wannan aikin masana harshe ne da daraktoci a tebur ɗaya. Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, ita ta fi kowa damar buɗe taskarta ta tsofaffin fina-finai da sasanta batun izini.

Ba sai an jira WAEC ko Abuja ba. Ma'aikatar ilimi ta jiha na da ikon amincewa da gwaji a cikin tsarin darussan zango, kwaleji kuma na da ikon shirya bita ga malamai. Kirana ga sashen Hausa na kwalejin da takwarorinsu na jami'a da ofishin ilimi na shiyya shi ne su zaɓi makarantu huɗu, biyu a Dutsin-Ma biyu a Kurfi, a tabbatar da ta 'yan mata a ciki, a gwada na shekara ɗaya, a rubuta abin da ya yiwu da abin da ya gagara, sannan a kawo rahoton gaban iyaye su yanke hukunci.